Ɗan Fari

A bangon ɗakin babana, a Kawo,
sama da rediyon da ta yi shiru tun ina firamare,
akwai hoton wani jirgi.
Ba namu ba ne. Inuwarsa ba ta taɓa ƙetare kogin Kaduna ba.
Daga tsohuwar mujallar Faransa aka yago shi,
aka kafe da ƙusa huɗu,
ɗaya ta yi tsatsa, ta zubo jan hawaye a kan fiffike.

Saja Gwadabe, shekara talatin da ɗaya a barikin Mando,
tsugune ƙarƙashin jirage kamar mai tatsar saniya,
sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu.
Shi da yake sallamar mutane zuwa gajimare
bai taɓa hawa abin da ya wuce tsani ba.

“Wannan na gwaji ne,” in ji shi.
“Shi aka fara ƙerawa, ranar da aka gaji da farfela
aka ce wuta ta tura ƙarfe.
Kujera biyu gare shi, ɗaya ta ɗalibi, ɗaya ta malami.
In yaro ya karkace, malami ya miƙe shi
ba tare da ya ce uffan ba.”
Baba bai iya Faransanci ba.
Rubutun ƙasan hoton bai taɓa buɗe mana baki ba,
don haka ban san inda mujalla ta tsaya
shi ya ɗora nasa ba.

Na ce, yaya sunansa?
Ya ce, “Lamba ce a jelarsa.
Suna kuwa, ƙannensa aka raɗa wa.”

To, ni ma haka.
Yakan kira Rakiya, ya kira Sanusi, ya kira Auta har maƙwabta su ji,
ni kuwa “kai”, ko “yaron nan”,
in rai ya yi fari, “yayansu”.
Kunyar ɗan fari, in ji Inna, ba ƙi ba ce.
A kaina aka gwada zafin ruwan wanka.
A bayana aka gane bulalar ta yi tsawo,
aka rage wa na baya.
Makarantar da ta kayar da ni, ba a sake kai kowa ba.

Ya ce shi ma an girgiza shi har notina suka yi kuka,
an rubuta duk inda ya yi rawa,
an gyara a jikin waɗanda suka biyo shi,
sannan aka tura shi ƙuryar rumfa, aka lulluɓe da tamfol.
Na yi fushi a madadin jirgin.
Na kwana ban ci tuwo ba.

Amma akwai wata Asabar, a titin bayan bariki,
da ya ɗora ni gaban babur ɗinsa, shi a baya,
hannunsa a kan nawa, yana warin kananzir.
Muka wuce masu gasa masara, muka wuce mangwarorin asibiti.
Sai da wani jirgi ya tsaga sama, na ɗaga kai,
na ga hannuna su kaɗai ne a kan kan babur.
Tun yaushe ya saki, har yau ban sani ba.

Yanzu ina walda a Panteka,
ƙofofi da tagogi, abubuwan da ba sa tashi.
Bayan addu'ar bakwai, aka ce in kwashe ɗakin.
Ƙusa uku suka fito salin alin, mai tsatsar ta karye.
Na juya hoton don in kaɗe ƙura.
Da fensir, da ajaminsa mai jingina da juna:
Zubairu. Laraba, da asuba, ana ruwa.